Allon saƙo da kabad ɗin tufafi: me ya sa gidana ya ƙi tsaruwa?

Tambaya: Ni da maigidana duka muna fita aiki, kuma muna da yara huɗu. Na sayi farin allo na rataye a ɗakin kwanana domin rubuta abubuwan da ya kamata a tuna, amma bayan mako biyu kowa ya daina kallonsa, har da ni kaina. Kabad ɗin tufafinmu kuma ya cika maƙil, kullum da safe sai an zazzage shi kafin a sami abin da ake nema. Shin in ƙaro kabad ne da allo mafi girma, ko kuwa akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Malama, kada ki yi gaggawar sayen komai tukuna, domin abin da kika bayyana bai nuna ƙarancin wuri ba, ya fi nuna cewa allon da kayan ba su zauna inda ya dace da su ba. Allo da kabad aikinsu ɗaya ne, wato su ɗauke wa mutanen gida nauyin tunawa, ta yadda ba sai an tambaye ki komai ba kafin a fita.

Bari mu fara da allon. Kuskuren farko shi ne ɗakin kwana, saboda yara ba sa shiga can a lokacin da suke buƙatar saƙon, ke kuma kina ganinsa ne da dare bayan ranar ta riga ta wuce. Ki mayar da shi hanyar da kowa yake bi dole kafin ya bar gida, kusa da ƙofar fita ko bakin kicin, ki kafa shi yadda tsakiyarsa za ta kai kimanin santimita 140 zuwa 150 daga ƙasa, domin babba ya karanta ba tare da sunkuyawa ba, yaron da ya fara tasawa kuma hannunsa ya kai gefen ƙasa. Ki ɗaure makar rubutu da zare a jikinsa, domin allon da sai an je neman abin rubutu kafin a yi amfani da shi ba ya daɗewa yana aiki. A ƙarƙashinsa ki kafa ƙugiyoyi biyu ko uku na makullai.

Kuskure na biyu, wanda nake zaton shi ne ya kashe naki, shi ne barin rubutu ya tsufa. Ido yana sabawa da abin da ba ya canzawa, har ya koma ganinsa tamkar fentin bango. Saboda haka ki zaɓi rana guda a mako da za a goge allon tas a sake rubuta shi, ko da wasu saƙonnin za su maimaitu. Kada ki ɗora masa abin da ya wuce kwana bakwai masu zuwa. Abin da zai zo nan da wata biyu wurinsa kalanda ce. Kowane saƙo kuma ya ɗauki sunan wanda zai yi aikin da ranar yinsa, domin idan aka rubuta "a biya kuɗin wuta" kawai, kowa zai karanta ya ɗauka da wani ake.

Game da irin allon, farin da kike da shi ya isa. Idan bayansa ƙarfe ne, maganaɗisu zai kama shi, sai ki riƙa manna takardun makaranta da rasit a kusurwa ɗaya. Idan bai kama ba, ƙaramin allon da ake soka wa fil a gefensa zai yi wannan aikin. Idan wani yaro ya yi kuskure ya rubuta da makar da ba ta goguwa, ki bi kan rubutun da makar allo ki goge nan take, domin sinadarin da ke cikin tawadarta yana narkar da wancan.

Shi kuwa kabad, aikinsa ya fi cin lokaci, kuma ba ya yiwuwa sai an fito da komai waje an ga yawansa da ido. Yawancin abin da ke cushe kabad ba tufafin da ake sawa ba ne: rigunan da yara suka girme su, kayan wani yanayi da bai zo ba, da waɗanda ake jiran ranar da za a kai su gyara. Idan kina shakkar abin da za ki fitar, ki juya bakin kowace hanga ta fuskanci waje, duk rigar da aka sa aka wanke sai a mayar da ita da hanga a daidai. Bayan wata shida, hangogin da har yanzu suke fuskantar waje sun ba ki amsa da kansu.

Abin da ya rage sai a raba shi bisa yawan amfani. Tsakanin ƙugu da ido na kayan yau da kullum ne, kantar sama ta kayan da ake ɗauka jefi-jefi, ƙasa kuma ta abubuwa masu nauyi da takalma. A nan ne mutane da dama suke asarar wuri ba su sani ba: doguwar riga tana buƙatar tsayin kusan santimita 150 ko fiye, amma gajeriyar riga da wandon da aka ninka a hanga mita ɗaya ta ishe su. Idan kika tara dogayen a gefe guda, sai ki ƙara sandar rataya ta biyu a ɗaya gefen, ɗaya a kan ɗaya, wurin rataya na wannan gefen ya ninka ba tare da kin sayi sabon kabad ba, kuma sandar ƙasan ta zama ta yara, su ɗauki kayansu da kansu. Kayan da ake ninkewa kada tarinsu ya wuce biyar ko shida, domin wanda ya zaro na ƙasa a doguwar tsiba sai ya rushe ta. A durowa kuwa ya fi kyau a jera su a tsaye, kowanne ana ganin bakinsa. Suwaita da sauran saƙaƙƙun kaya a ninke su, rataya tana miƙar da kafaɗunsu. Kowane yaro ki ba shi kwando ɗaya mai sunansa na safa da ƙananan kaya.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi lafiya waɗanda ba zan tsallake ba. Na farko, kabad mai tsayi ko durowa mai hawa da yawa dole a ɗaure samanta da bango da ƙarfe da sukurori, saboda yaro yana iya buɗe durowoyi ya taka su kamar tsani, kayan su rinjayo su faɗo masa. Na biyu, idan kina sa ƙwayoyin kafur domin korar asu, ki sani guba ne ga yaron da ya haɗiye su, kuma suna da hatsari na musamman ga masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Abin da ya fi kare tufafi shi ne a ajiye su a wanke kuma a bushe sarai, domin tsutsar asu ta fi bin ulun da ke da gumi ko tabo, fumfuna kuma danshi take bi. Ki bar ɗan tazara tsakanin bayan kabad da bango, ki riƙa buɗe ƙofofinsa lokaci-lokaci iska ta shiga.

Idan kin yi wannan duka har tsawon wata guda kuma har yanzu hangogi suna matse da juna ta yadda yatsu biyu ba sa shiga tsakaninsu, to a lokacin ne ƙarin kabad ya zama buƙata, kuma za ki je sayensa kin san tsayin da zurfin da kike nema, wanda ga kayan rataya bai kamata ya gaza santimita 60 ba.