Danna hannu irin na Sinawa zai hana ni amai a jirgin ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. A Ikorodu ta Legas nake zaune, ina sarin atamfa a kasuwar Balogun. Sau biyu a mako nake hawa jirgin ruwa zuwa Ebute Ero don gudun cunkoson hanya. Ina da juna biyu wata huɗu, kuma da jirgi ya fara tangaɗi sai zuciyata ta tashi, har sai na yi amai a leda. Maƙwabciyata ta ce akwai wata dabarar Sinawa, wai in riƙa matse naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Da gaske ne? Daga wata mai karatu a Ikorodu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Maƙwabciyarki ta ji ƙishin-ƙishin, amma ƙofar da ta nuna miki ba taki ba ce. Wurin nan Sinawa suna kiransa Hegu, a littattafansu kuma LI4. Ciwon kai da na haƙori ake danna shi dominsu, kuma masu wannan sana'a da kansu sun hana mai ciki taɓa shi, don suna ganin yana iya tayar da naƙuda. Ki bar shi sai kin sauka. Haka ma wani wuri da ke yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, da kuma tsakiyar kafaɗa.

Naki shi ne Neiguan, wato "ƙofar ciki", lambarsa PC6. Ki juya tafin hannunki sama. Ki jera yatsu uku na ɗaya hannun daga layin tsintsiyar hannu zuwa wajen gwiwar hannu. Inda yatsa na uku ya tsaya, ki laluba, za ki ji jijiyoyi biyu a miƙe kamar igiyar shanya. In ba ki ji su ba ki dunƙule hannun, za su fito. Tsakaninsu za ki kafa babban yatsa. Da yatsunki za ki auna, ba da na mijinki ba, domin ma'aunin Sinawa da ake kira tsun faɗin babban yatsan mai jikin ne, kowa da nasa.

Dannawar kanta iri biyu ce ta ishe ki: ko ki danna ki tsaya cak, ko ki riƙa murzawa a hankali kamar mai murza kuka a miya. Minti ɗaya zuwa biyu, sannan ki koma ɗaya hannun. Abin da ake so ki ji shi ne ɗan nauyi da tsami a wurin, ba zafi ba. In farce ya bar shaida, kin wuce gona da iri. Kuma ki fara tun kina layin tikiti, kada ki jira sai miyau ya cika bakinki. Ni a danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, nake fama da nawa, musamman in muka maƙale a gadar Third Mainland hayaƙi na shigowa ta taga. Ran da na fara da wuri nakan isa Obalende lafiya, ran da na makara kuwa sai dai leda.

Su Sinawa bayaninsu shi ne akwai wani ƙarfi da ke yawo a jiki ta manyan hanyoyi 12, suna kiransa "ci" (ba ruwansa da tuwo), kuma dannawa tana buɗe inda ya toshe. Maganar tana cikin littafinsu Huangdi Neijing da ya haura shekara 2,000, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsayayyen bayanin inda irin waɗannan wurare 361 suke a jiki. Likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi a jikin mutum ba. Sai dai Neiguan yana cikin waɗanda aka fi gwadawa, musamman kan amai bayan tiyata, kuma an ga yana ragewa ga wasu. Shi ya sa ake yin abin hannu na roba mai ɗan maɓalli da ke danna daidai wurin, don matafiyan teku.

Amma fa in aman ya bi ki har gida, ruwa ma ba ya zama, fitsari ya yi duhu, ko jiri na ɗibarki, wannan ya wuce yatsa. Asibiti za ki je, wataƙila sai an yi miki ƙarin ruwa. Ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya wannan fama a awon ciki na gaba. A jirgin kuma ki nemi kujerar tsakiya inda tangaɗi ya fi sauƙi, ki ajiye waya ki dubi nesa, kada ki hau da yunwa, ɗan biskit ko citta ya isa. Rigar ceto kuma ki ɗaura ta da kyau ko da cikin ya fara turo ta. Allah ya sauke ki lafiya.