Abin da za ka rubuta game da ƙamusun manhajar duba rubutu

Malam, tambayarka ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ka ce za ku raba manhajar duba kurakuran rubutu ga masu buga takardu a nan Sakkwato, kuma kana son sanin abin da ya kamata a rubuta a takardar bayani game da ƙamusun da take buƙata. Ka rubuta har abin da kake ganin kowa ya sani, domin wanda zai karɓi aikin daga hannunka ba ya cikin zuciyarka.

Ka bayyana cewa Hunspell, wato manhajar duba rubutun da LibreOffice da Firefox suke amfani da ita, ba ta san Hausa ba sai an ba ta fayil biyu masu suna ɗaya, wato ha_NG.dic na jerin kalmomi da ha_NG.aff na ƙa'idojin ɗafi, ka kuma faɗi inda ake ajiye su. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne layin SET UTF-8 a cikin fayil na biyu, wanda ke faɗa wa manhajar tsarin da aka adana haruffa da shi, domin idan babu shi manhajar takan koma tsarin ISO8859-1, wanda bai ƙunshi ƙ da ɗ da ɓ ba.

A nan ne aka cuce ni. Mun daɗe muna tara kalmomi ni da abokan aikina, sai aka damƙa jerin ga wani matashi da ke cika baki cewa kwamfuta ba ta da sirri a wurinsa, ba tare da wata takardar bayani ba. Ya adana fayil ɗin da tsohon tsari, baƙaƙe masu lanƙwasa suka koma alamar tambaya, kuma maimakon ya kira ni, sai ya maye gurbinsu da k da d da b, ya zuba a kwamfutocin shagon gaba ɗaya. Daga nan manhajar ta shiga ja wa daidai jan layi tana amincewa da kuskure. Haka aka buga littafin wani dattijo malami, ya zo da shi a hannu yana nuna mini shafi bayan shafi a gaban ɗalibansa, ni kuwa na rasa bakin magana, shi yaron yana gefe yana latsa waya. Har yau bai ce a yi haƙuri ba.

Kada ka manta da alhamza. Madannai yana ba da miƙaƙƙiya, manhajar rubutu tana mayar da ita lanƙwasasshiya, saboda haka ka rubuta wadda ƙamusun ya ɗauka, ka sa ta cikin WORDCHARS, wato layin fayil na biyu da ke lissafa alamomin da za a ɗauka a matsayin ɓangaren kalma, don kada a datse kalmomi irin su 'ya'ya da ma'aikata. Idan akwai mutanen Ƙonni ko Maraɗi cikin masu amfani da ita, ka sanar da su cewa ƙamusun Najeriya ba zai karɓi ƴ ɗin da ake rubutawa a Nijar a madadin 'y ba.

Ka kuma faɗa ƙarara ko Daidaitacciyar Hausa kaɗai aka bi, domin mutanenmu za su rubuta tahi da biyat, su ga jan layi, su ce manhajar Kanawa ce. A ganina gara a ware Sakkwatanci a jeri na daban da mai so zai ƙara. Sannan ka rubuta inda kuka samo kalmomin da irin lasisin da ke kansu, domin wanda zai saka ƙamusun cikin wata manhaja zai tambaye ka wannan tun kafin ya buɗe fayil ɗin.