Likita, Ɗana Yana Tsoron Ɗakin Tiyata: Tambayoyi Kan Yara Masu Ciwon Zuciya

Saƙonnin wannan makon kusan duk wuri ɗaya suka nufa, wato yara masu ciwon zuciya da fargabar da ke kama su idan ranar aiki ta matso. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara tara an gano yana da huji a zuciya, za mu kai shi Indiya a toshe. An ce mana ba sai an tsaga ƙirji ba, ta jijiyar cinya za a bi. Tun da ya ji maganar, barci ya ƙaurace masa, har fitsarin kwance ya dawo. Ƙanena ya ce akwai wani tabarau da ake kira VR da ake sa wa yara a asibitocin waje ya cire musu tsoro. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki fara kwantar da naki hankalin. A duk jarirai ɗari, ana samun kusan ɗaya da aka haifa da matsalar zuciya, kuma aikin da aka faɗa miki ya daɗe da zama ruwan dare. Za a zura wata siririyar roba ta jijiyar gindin cinya, a bi da ita har cikin zuciya ana kallo a allo, a kafa ɗan marfi a kan hujin. Galibi yaro yana barci ake yi. Bayan an gama zai kwanta miƙe na wasu sa'o'i don kada wurin ya yi jini, kuma yara da yawa kwanciyar nan ta fi gundurar su fiye da komai.

Ƙanen naki bai yi ƙarya ba. VR wani abu ne kamar ƙaton tabarau da ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu ruf. Idan ka sa shi ba ka ganin ɗakin da kake, sai duniyar da kwamfuta ta shirya, ka waiwaya dama ka gani, ka ɗaga kai ka ga rufi, kamar kana tsaye a wurin. A asibitin yara na Lucile Packard da ke Jami'ar Stanford a Kalifoniya ta Amurka, wajen shekarar 2017, Dakta Anne Dubin da abokan aikinta suka fara gwada wani shiri mai suna Project Brave Heart, musamman don masu jiran irin aikin ɗanki. Ana ba yaro tabaran ya tafi da shi gida kwanaki kafin ranar. Yana zaune a ɗakinsu zai bi duk hanyar da zai bi ranar aiki, ya ga inda za a shirya shi, ya ga ɗakin aikin da injinansa, ya ga inda zai farka. A tsakani ana koya masa jan numfashi da sassauta jiki. A wannan asibitin dai wani likitan zuciyar yara, Dakta David Axelrod, ya jagoranci ƙera zuciyar kwamfuta wadda mutum zai shiga cikinta ya zagaya, ya ga hujin da idonsa. Iyaye da ɗaliban likita sun fi amfana da wannan.

Ga abin da nake so ki lura da shi. Ba allurar ba ce ke hana ɗanki barci, rashin sani ne. Ya ji manya suna ƙus-ƙus, ya ji kalmar "zuciya" da "aiki", ya ga kina share hawaye idan kin idar da salla, sai ya cike gurbin da abin da ya fi gaskiyar muni. Na taɓa tambayar wani yaro sa'ansa me yake tsoro. Ya daɗe yana murza bakin rigarsa, can ya ce wai za a ciro zuciyarsa a ajiye a faranti, to da me zai yi numfashi kafin a mayar? Babu wanda ya faɗa masa haka, babu kuma wanda ya faɗa masa wani abu dabam. Aikin tabaran nan shi ne ya mayar da baƙon wuri sananne, kuma kaso mai yawa na wannan aikin kina iya yi da bakinki.

Ki tambayi asibitin ko suna da tabaran, ko bidiyon ɗakin aikin, ko da hotuna ne ta WhatsApp. Ki zauna da shi ku kalla tare. Ki faɗa masa abin da zai gani da abin da zai ji: ɗakin akwai sanyi, mutane sun rufe baki da hanci, za a hana shi cin abinci na sa'o'i kafin lokacin, za a sa masa allurar ƙarin ruwa a hannu kuma zai ji ta. Kada ki ce masa babu allura. Idan ya kama ki da ƙarya sau ɗaya, duk sauran maganarki ta zube. Fitsarin kwancen kuma kada a dake shi ko a yi masa dariya, yawanci yana wucewa idan hankali ya kwanta, amma ki ambata wa likitansa.

Tambaya: Likita, ni ban gamsu ba. Zafi zafi ne. Ta yaya wasan kwamfuta zai rage zafin allura? (Wani malamin makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ka taɓa ganin yaro ya dawo daga ƙwallo yatsarsa na jini, bai sani ba sai da aka nuna masa, sannan ya ɓarke da kuka? To shi ke nan. Ƙwaƙwalwa ba ta iya ba komai cikakken hankali a lokaci guda, kuma yawan zafin da mutum ke ji yana da alaƙa da yawan hankalin da ya tattara a kansa. Tun ƙarshen shekarun 1990 wasu masana biyu a Jami'ar Washington, Hunter Hoffman da David Patterson, suka fara gwada VR a kan masu ƙuna lokacin wankin ciwo, wanda yana cikin mafi azabar abin da ake yi a asibiti. Wasan da suka yi, SnowWorld, yana kai majinyaci duniyar dusar ƙanƙara yana jifa da curin ƙanƙara, kuma majinyatan sun riƙa cewa zafin ya ragu. Amma ina tare da kai a wuri ɗaya: ragewa yake yi, ba ya kashewa. Ba ya maye gurbin maganin barci ko na kashe zafi, kuma akwai yaran da rufe musu ido ma ƙara firgita su yake yi, sun fi son su ga abin da ake yi musu. Irin waɗannan a ƙyale su su kalla.

Tambaya: Ina wuni Likita. 'Yata tana da shekara 12, an sa mata batirin zuciya. Yayanta ya zo da tabarau na Meta Quest daga waje, kullum sai ta yi rigimar sai ta sa. Akwai haɗari? (Wani uba daga zangon Kumasi)

Amsa: Lafiya lau Alhaji. Ka yi kyan kai da ka tambaya. Tabaran da abin riƙewarsa na hannu suna da maganaɗisu kuma suna fitar da sigina, kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa masu na'urar daidaita bugun zuciya su tuntuɓi likita tukuna. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce duk abin da ke da maganaɗisu ya yi nisan aƙalla santimita 15 da inda batirin yake. Matsalar ita ce yaro cikin zumuɗin wasa yakan rungume abin hannun a ƙirji, ko ya rataye tabaran a wuya. Don haka a dakata har ranar ganin likitanta, ku tafi da shi ya gani. Idan ya amince, a zaune za ta yi, na ɗan lokaci kaɗan, da babba a kusa. Jiri ko tashin zuciya ko ciwon kai, a cire nan take. In kuwa tana da farfaɗiya, ko ta taɓa suma, ku faɗa wa likitan tun da fari, domin walƙiyar haske tana iya tayar wa wasu.

Tambaya: Likita, jikata ce aka ce ciwon maƙogwaro ya taɓa mata ƙofar zuciya, duk wata sai an yi mata allurar fenisilin. Ranar allura sai mutum uku sun danne ta. Watan jiya ɓuya ta yi a maƙwabta har muka haƙura. Mu ba mu da kuɗin tabarau. (Wata kaka daga Gusau)

Amsa: Sannu Inna, sannu da ɗawainiya. Wannan tambayar ta fi taɓa ni, domin ita ce irin wadda muke gani kullum a nan. Da farko dai, don Allah kada a sake tsallake wata. Wannan allurar ita ce katangar da ke hana ƙwayar cutar maƙogwaro dawowa, kuma duk dawowar da zazzaɓin da wannan ƙwayar ke haddasawa ya yi yana ƙara lalata ƙofar zuciyar, har a kai ga tiyatar da ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Ku koma da ita cikin makon nan.

Yarinyar kuma tana da gaskiya. Allurar tana da kauri kamar madara, tana da zafi, babba ma yana jin ta. Akwai dabarun da ma'aikatan jinya suka sani, ki roƙe su cikin girmamawa: a ɗumama sirinjin a tafin hannu kafin a yi, a danna wurin da yatsa na daƙiƙa goma, a tura maganin a hankali ba da gaggawa ba. Ki kuma tambayi likita ko za a iya haɗa ta da ɗan maganin kashe zafi, ana yin haka a wurare da yawa.

Dannewar nan ku rage ta. Yaron da aka danne, wata mai zuwa tsoronsa ninkawa yake yi. Ta kwanta rub da ciki, kanta a cinyarki, a ba ta waya da abin sawa a kunne ta kalli abin da ta fi so, kuma a fara tun kafin a buɗe allurar, ba sai an soka ba. In babu waya, ki sa ta hura balan-balan, ko ta karanto miki surar da ta haddace a Islamiyya, ke kuma ki riƙa yin kuskure da gangan tana gyara miki. Na ga wannan ya yi aiki fiye da sau ɗaya. Ki ba ta zaɓi ko ɗan yaya ne: yau dama ko hagu? Sannan a gida a daina cewa "in ba ki bari ba zan kai ki a yi miki allura." Mu da kanmu muke mayar da nas dodo, sannan mu zo muna mamakin yaro ya ɓuya.

Tambaya: Ɗana shekararsa biyu, an ce yana da ciwon zuciya mai suna Fallot. Idan ya yi kuka sosai leɓensa da harshensa sai su yi baƙi. Tabaran zai taimaka ranar zuwa asibiti? (Wata uwa daga Damagaram)

Amsa: A'a 'yar'uwa, ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba zai fahimci abin ba, rufe masa fuska ma sai ya ƙara kukan. Nasa maganin tsoron jikinki ne: goyo, rarrashi, zanin da ya saba da ƙamshinsa. Idan za a yi masa hoton zuciya ki roƙa a bar shi a cinyarki. Abin da kike gani kuwa ba ƙaramin abu ba ne, kuka yana rage jinin da ke zuwa huhu, iskar jikinsa ta yi ƙasa. Da zarar ya fara, ki ɗauke shi ki naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirjinsa ki riƙe, kina rarrashi. Wannan yana tura jini zuwa huhu, shi ya sa za ki ga manyan yara masu ciwon suna tsugunnawa da kansu idan sun gaji. Idan launin bai dawo ba cikin 'yan mintuna, ko jikinsa ya saki, ku nufi asibiti mafi kusa, gwiwoyin na naɗe har ku isa. Ko da ya warware a gida, ki sanar da likitansa a ranar, domin yawaitar wannan alama ce ta cewa a matso da ranar aiki.