Ciwon Baya Wajen Tuƙi: Amsoshin Likita Ga Masu Karatu

Yawancin wasiƙun wannan makon daga masu tuƙi suka fito, kuma kukansu kusan ɗaya ne: su shiga mota garau, su fito suna dafe da ƙugu. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su yadda za su shiga fili.

Likita, barka da aiki. Shekarata 41, kuma kullum nakan tuƙa kaina zuwa wurin aiki, awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa. Da na yi rabin awa a zaune sai ƙuguna ya fara ciwo, idan na sauka kuma sai na ɗan jima kafin in miƙe sosai. A ofis ba na jin haka. Laifin motar ne ko na jikina?

Malam, kowanne yana da nasa kason, amma na fi zargin yadda ka saita kujerar. Ƙashin bayan mutum jerin ƙasusuwa ne 33, kuma biyar ɗin da ke daidai ƙugu su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin gangar jiki. A tsakaninsu akwai faya-fayen guringuntsi masu ruwa-ruwa a ciki, waɗanda ke aiki kamar matashi. Idan kana tsaye, wannan sashe yakan ɗan lanƙwasa zuwa gaba, shi ne kwarmin da kake ji idan ka ɗora tafin hannu a ƙugunka. Da zarar ka zauna a kujerar da ta lotsa, gwiwoyinka suka fi kwatangwalo tudu, sai kwarmin nan ya shafe, bayan ya koma kamar baka, nauyi ya taru a kan faya-fayen, jijiyoyi da tsokar da ke riƙe da su kuma su yi ta aiki ba hutu. Tun a shekarun 1960 wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin faifan a jikin mutane masu rai, ya nuna cewa zama a duƙe yana matsa shi fiye da tsayuwa.

Abin da ya bambanta mota da ofis shi ne, a ofis ƙafafunka biyu suna ƙasa suna tallafe da kai, kuma kana tashi, kana juyawa, kana gyara zama ba tare da ka lura ba. A mota kuwa ƙafa tana miƙe kan totur da birki, ido yana kan hanya, jiki ya ƙage wuri ɗaya, ga kuma girgizar hanya tana shigowa ta kujera.

Ka ware minti goma motar tana tsaye, ka sake saitin tun daga farko. Ka fara tura mazaunanka har ƙuryar kujera, domin duk gyaran da aka yi mutum yana zaune a bakin kujera aikin banza ne. Sai ka ja kujerar gaba ko baya har ya zama kana iya take birki ko kuloci zuwa ƙasa gwiwarka tana ɗan lanƙwashe, ba tare da bayanka ya rabu da majingina ba. Idan kujerar tana ɗagawa, ka ɗaga ta har kwatangwalo ya yi daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta tudu, kuma ka bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. Majinginar kuwa ta ɗan kwanta kaɗan daga tsaye cak, wato kusan digiri 100 zuwa 110. Yayin nan na kwantar da kujera sosai a tuƙa da hannu ɗaya, ba na ganin komai a cikinsa sai wahala, domin dole wuya da kafaɗu su zaƙulo gaba neman hanya, kuma bel ba ya kama mutum yadda ya kamata idan aka yi karo.

Game da sitiyari, ka miƙa hannu kafaɗunka suna jingine: idan wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyarin, nisan ya yi. Ka riƙe shi ta gefe da gefe, inda tara da uku suke a fuskar agogo. Saman majinginar kai ya yi daidai da saman kanka. Idan kujerar ba ta da abin tallafar ƙugu, ka naɗe ƙaramin tawul ya yi kaurin damtsen hannunka ko ƙasa da haka, ka sa shi a kwarmin ƙugu daidai inda bel ɗin wando yake wucewa. Idan kana jin yana tura ka gaba, ya yi kauri, ka warware ninki ɗaya. Madubai su ne na ƙarshe. Ka saita su kana zaune a miƙe, ta yadda duk lokacin da ka ga madubin tsakiya ya daina nuna maka baya sosai, ka san kai ne ka zame, sai ka gyara zama maimakon ka taɓa madubin.

Likita, ni direban babbar mota ne, shekara 16 ina wannan sana'a. Wata rana nakan yi awa tara ko goma a kan sitiyari. Bayana yana ciwo kullum, abokan aiki suka ba ni wata ƙwaya mai suna tramadol, kuma tana sa in ji dama. In ci gaba da sha?

A'a, Malam, ka daina tuƙi da ita a jikinka. Tramadol dangin magungunan kashe ciwo masu ƙarfi da ake kira opiyod ne. Tana kawo gyangyaɗi da jiri, tana rage saurin da ƙafa ke kai wa birki, jiki yana sabawa da ita har ya riƙa neman ƙari, kuma idan aka sha da yawa tana iya jawo farfaɗiya. A ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon ƙugu mai daɗewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi amfani da wannan rukunin magunguna. Idan ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke lokaci ɗaya da kanka. Ka je asibiti ka faɗi gaskiyar yawan da kake sha, a rage maka sannu a hankali. Haka kodin da magungunan sassauta tsoka, su ma suna sa barci. Ibuprofen da diclofenac ba su cika sa barci ba, kuma suna taimakawa na 'yan kwanaki, amma shan su wata da watanni yana iya cin ciki ya taɓa ƙoda, musamman ga mai gyambon ciki ko hawan jini.

Ciwonka yana da tushe biyu, dogon zama da girgiza. Gangar jikin mutum ta fi jin girgizar da ke kaiwa da komowa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya, kuma manyan motoci a hanya mai gargada suna yawan samar da irinta. Saboda haka lafiyar motar tana cikin maganinka: a duba shokazoba, a daidaita iskar taya, idan soson kujera ya mutu har kana jin ƙarfe a ƙasanka a sake shi, idan kuma kujerar mai lilo ce a saita ta daidai nauyinka. Rage gudu a inda hanya ta lalace yana rage abin da bayanka ke sha.

Sai batun tsayawa, wanda na san shi ne mafi wuya ga mai gaggawar isar da kaya. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, ƙa'idar hanya ta Birtaniya kuma tana ba kowane direba shawarar hutun aƙalla minti 15 duk awa biyu. An yi su ne domin gajiya da barci, amma baya ma yana amfana, kuma ga mai ciwo irin naka na fi son ka sauka ko da na minti uku ne duk awa ɗaya. Ka taka kaɗan, ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan banƙare a hankali sau biyar zuwa goma. Kada ka diro daga kan mota, ka sauko ta matakala kana fuskantar ƙofa. Kada kuma ka tafi kai tsaye ka ɗaga kaya mai nauyi ko taya, domin bayan da ya yi awoyi a lanƙwashe yana buƙatar 'yan mintuna kafin ya koma daidai, kuma a wannan ɗan tsakanin ne da yawa ke jin abu ya tsinke musu a ƙugu.

Likita, nawa ciwon daga ɗuwawun dama yake farawa, ya bi bayan cinya ya sauka har ƙauri, wani lokacin ƙafar ta mutu kamar ana tsira mini allurai. Tuƙi ne ke tayar da shi.

Wannan hanyar da ka zana ita ce hanyar wata babbar jijiya da ake kira sayatik, mafi girma a jikin mutum, wadda ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya ta ratsa ɗuwawu ta gangara ƙafa. Galibi faifan guringuntsi ne ke bullo ya taɓa tushenta, amma wani lokacin matsin daga waje yake. Na taɓa duba wani bawan Allah mai irin kukanka, da ya zo zama a gabana sai na ga ya karkace gefe ɗaya. Na ce ya fito da abin da ke aljihunsa na baya, sai ga walat cike da katuna da tsofaffin rasitai, kaurinta ya kai yatsu biyu, a kanta yake zama duk tafiya. Ka fara da wannan: babu walat, babu waya, babu makulli a aljihun baya. Ka kuma matso da kujera kaɗan, domin miƙe ƙafa sosai zuwa totur yana jan jijiyar. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin makonni ba tare da tiyata ba, amma tunda ƙafar da ke mutuwa ita ce mai taka birki, ka je likita ya gwada ƙarfinta, kuma kada ka tuƙa a lokacin da ba ka jin ta sosai.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida, kuma wannan ya shafi duk mai ciwon baya: kasa yin fitsari ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da kewayen al'aura, ciwo ko rashin ƙarfi a ƙafafu biyu lokaci ɗaya, ko ƙafa ta fara jan ƙasa. Waɗannan suna iya nuna an danne jijiyoyin ƙarshen laka, kuma jinkirin awoyi yana iya barin nakasa ta dindindin. Ciwon baya tare da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko wanda ke hana barci kowane dare, ko wanda ya biyo bayan haɗari, shi ma a kai shi asibiti da wuri.

Likita, ni mace ce gajeriya, kuma ina da juna biyu wata shida. Sai na matso dab da sitiyari nake kaiwa birki, bayana kuma yana ciwo.

Malama, Allah ya raba lafiya. Ciwon baya a wannan lokaci abu ne da aka saba gani, saboda nauyi ya koma gaba kuma jijiyoyin ƙugu sun saki. Ki ɗaga kujerar, ki matso iya yadda ƙafa za ta kai, sannan ki ɗan kwantar da majingina ko ki tura sitiyarin ciki idan yana motsi, har ki sami kusan santimita 25 tsakaninsa da ƙirjinki saboda jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari idan aka yi karo. Bel na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙashin ƙugu, na sama ya ratsa tsakiyar ƙirji, kada ɗayansu ya hau kan cikin. Naɗaɗɗen tawul zai taimaka miki. Kada ki sha ibuprofen ko diclofenac sai da izinin likitarki, kuma idan ciwon yana zuwa yana tafiya tare da murɗawar mara, ko kika ga jini ko ruwa, ki tafi asibiti nan take.

Likita, in sayi ɗamarar ƙugu da matashin nan mai tausa da ake sa wa a kujera? Kuma ba ya kamata in yi hoton baya ba?

Ɗamarar ba na ba da shawararta, kuma tana cikin abubuwan da ƙa'idojin 2023 da na ambata suka ce a bari. Matashi mai tausa ko kujera mai ɗumi suna iya sanyaya ciwo na ɗan lokaci, babu laifi, muddin matashin ba mai kauri ko santsi ba ne da zai ɗaga ka daga inda bel ke kama ka. Kuɗin da za ka kashe a kansu ya fi amfani a wajen masu gashi da motsa gaɓoɓi, su koya maka atisayen ƙarfafa tsokar ciki da ta ƙugu, ka haɗa da tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako.

Hoto kuwa ba kowa ke buƙatarsa ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a samun wata cuta takamaimai da za a ɗora wa laifi, kuma hoton MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, yakan nuna bullowar faifai har a jikin mutanen da ba su taɓa jin ciwo ba, sai a tayar wa mutum da hankali a kan abin da ba shi ne damuwarsa ba. Ka gyara kujera, ka riƙa sauka kana motsawa, ka ba abin mako shida. Idan bai ragu ba, ko ɗaya daga cikin alamomin da na lissafa a sama ta bayyana, ka zo a duba ka, kuma ka taho da motar, domin nakan so in fita in ga yadda mutum ke zama a cikinta kafin in rubuta masa komai.