Amsa Ga Mai Koyon Aikin Malanta Kan Jadawalin Sinadarai

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa 'yan ajin SS2 da aka danƙa maka suke iya jero sinadarai ashirin na farko da ka, amma da zarar ka ce su faɗi wanda ya fi girma tsakanin atam ɗin sodiyam da na kulorin, sai aji ya yi tsit. Dalilin shi ne kibiyoyin da ke nuna inda girman atam ke ƙaruwa ko raguwa a jadawalin ka zana musu a allo, ba ka nuna musu abin da ke tura kibiyoyin ba.

Abu biyu ne ke tafiyar da al'amarin: ƙarfin da cibiyar atam ke jan ilektaron da shi, da nisan da ke tsakaninsu. Idan aka bi layi daga hagu zuwa dama, daga sodiyam mai furoton 11 zuwa kulorin mai 17, furoton da ke cikin cibiya na ƙaruwa alhali bawon da ilektaron ke zagaye cibiya a cikinsa yana nan uku, saboda haka jan ya yi ƙarfi, atam ya tsuke. Idan kuwa aka gangara rukuni, daga litiyam zuwa sodiyam zuwa fotasiyam, kowane mataki sabon bawo ne, ilektaron na waje ya ƙara nisa, na ciki kuma suna kare shi daga jan cibiya. Ka shigo aji da albasa, tunda ba ta wuya a Sakkwato, ka yanka su ga bawo bisa bawo, amma ka faɗa musu cewa kwatancin na gangarowa ne kawai, bai bayyana tsukewar layi ba.

Daga nan sai alƙaluma. Ƙarfin da ake buƙata don fizge ilektaron na farko daga litiyam kilojul 520 ne a kowane mol, na sodiyam 496. Ka ɓoye na fotasiyam, su yi hasashe tare da hujja, sannan ka bayyana 419. Haka Mendeleev, masanin Rasha da ya tsara jadawalin sinadarai, ya yi a 1869 sa'ad da ya bar gurabe a jadawalinsa ya kuma siffanta abin da zai cike su, aka gano galiyam a 1875, jamaniyam a 1886.

Kada ka ɓoye musu inda tsarin ya yi gardama, kamar yadda wasu malamai kan yi don gudun tambaya. Bisa tsari, ƙarfin fizge ilektaron ƙaruwa yake yi daga hagu zuwa dama, amma na magnesiyam 738 ne, na alminiyam da ke bin sa kuma 578, domin ilektaron ɗinsa na ƙarshe yana matakin 3p ne na bawo na uku, wanda ya fi matakin 3s, inda na magnesiyam yake, sauƙin fizgewa. Yi bayanin da Hausa har sai sun iya maimaita hujjar da bakinsu, sannan ka sa su rubuta ta da Turanci, tunda da shi za su amsa WAEC da NECO.