Ba NASA ce ta ƙirƙiro Velcro ba

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ce ta ƙirƙiro Velcro, maƙalin nan na takalmin yara da jakunkuna mai ƙara idan an ɓalle. A'a. 'Yan sama jannati sun yi amfani da shi a shekarun 1960, shi ya sa ake jingina musu.

Mai aikin George de Mestral ne, injiniyan lantarki ɗan Suwizalan, mutum mai son farauta da yawon duwatsu. A 1941 ya dawo daga daji, ya tarar 'ya'yan wata ciyawa sun manne wa wandonsa da gashin karensa, kamar yadda ƙarangiya ke yi mana. Wani da tsaki zai cire ya wuce. Shi kuwa ya sa su a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne birjik ke kama zare.

Kwaikwayon abin ne ya ci masa shekaru. Auduga ta ƙi jurewa, sai da ya koma nailan. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1955, ya rasu a 1990.