Bindigar Kakanka

Ɗana, saƙonka ya iso bayan sallar isha'i, ƙanwarka ce ta karanta mini, don rubutun waya ya fara yi wa idona ƙanƙanta. Ka ce ka ga bindigar marigayi Baba a naɗe cikin tsohon bargo, kana so ka ɗaura mata madubin hange irin wanda kake gani a YouTube, kuma kana tambaya me ya sa a gidanmu ba a barin yaro ya harbi dabba sai ya shekara yana harbin gwangwani. Na yi dariya har da tari. Amma da na kwanta barci bai zo da wuri ba.

Bindigar nan ƙirar Ingila ce, harsashi ɗaya take ci. Abin saitinta ƙarfe biyu ne kawai: mai tsaga a kusa da ido, da ɗan tsini a bakinta. Za ka sa tsinin ya zauna a tsakiyar tsagar, kawunansu su yi daidai, hasken dama da na hagu su zo ɗaya. Idonka kuma a kan tsinin zai tsaya, abin da za ka harba ya ɗan yi dishi-dishi. Wannan shi ya fi ba ni wahala, don zuciya gwangwanin take son kallo. Baba kan ce, “Kai dai riƙe tsininka, gwangwani ba ya gudu.”

A shekarar 1973 na fara, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Ranar Juma'a da sassafe mukan fita ta Ƙofar Kabuga a kan keke, ina bayansa rungume da bindiga cikin buhu. Akwai wani rami da magina ke haƙar jar ƙasa, a gindin gaɓarsa yake dasa gwangwanin madara, domin harsashin da ya kuskure ya nutse cikin ƙasa, kada ya je ya sami mai noma. Taku hamsin yake aunawa. Harsashi uku yake ba ni, ko na roƙa ba ƙari. Ka saki numfashi, ka matsa kunama a hankali kamar mai tatsar akuya, kada ka fizge. Wajen nan yanzu duk gidaje ne da shaguna, ko ramin ban iya nuna maka.

Bayan wata bakwai na fara ganin na ƙware, don har ƙwallon goruba ina fasawa. Da hunturu ya shigo muka je wajen wani amininsa maharbi a ƙasar Tudun Wada, ba cikin gandun Falgore ba, can an hana farauta, a saurukan da ke bayan gonaki. An tafi da ni ne don in riƙe gora. Da hantsi Baba ya zaga bayan wata tsamiya, ya jingine bindigar kusa da ni, sai ga gada ta fito daga cikin sabara. Hazo ya sauka, kuma nisanta ya kusa ninka wanda na saba. Na sani sarai ba a ba ni izini ba. Na ɗauka, na yi bismillah a gaggauce, na harba.

Ta faɗi, ta tashi, ta shige da ƙafa uku.

Baba bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi bindigar ya ce, “Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wuce gaba.” Muka bi jini, ɗigo a kan ganye, ɗigo a kan tsakuwa, ƙarangiya ta cika mini wando. In sawu ya ɓace, tsohon maharbin nan sai ya tsuguna ya nuna mini karyayyar ciyawa da bakin sandarsa, ba ya cewa uffan. Azahar ta same mu a hanya, muka yi taimama muka yi salla. Sai dab da la'asar muka same ta kwance a gindin wata kalgo, cinyarta a farfashe, tana haki tana kallonmu. Baba ya miƙo mini wuƙa ya ce in yanka da hannuna. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙudajen da suka taru a kan raunin nan. A hanyar dawowa ne ya yi maganar da ubansa ya taɓa yi masa, wai maharbi da ƙafa yake harbi, yatsa cikawa kawai yake yi. In ba ka iya matsowa har ka ga ƙiftawar idonta ba, ba rabonka ba ce. Sai da na ƙara shekara guda a bakin ramin nan.

Madubin da kake so, ban ce haramun ba ne. Yana jawo na nesa kusa, amma ba ya hana hannu rawa, harsashi kuma yana sunkuyawa ƙasa in tafiya ta yi nisa. Ku yaran yanzu komai so kuke a taƙaita muku, ku kalli bidiyon minti biyar ku ce kun iya. Laifinmu ne ma, mu da muka naɗe kayan nan muka tura ƙarƙashin gado ba mu zaunar da ku ba.

Abin da ya hana ni barci kuwa daban ne. Lasisin bindigar nan da sunan Baba yake, kuma ba a gadonsa kamar gona. Dokar makamai ta 1959 tana nan, riƙe ta ba takarda ɗauri ne. Zamani kuma ya juya, da can in aka ga mutum da bindiga a kafaɗa sannu da farauta ake yi masa. Ka tuna watan Maris na 2025, mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar dawowa gida yin Sallah. Saboda haka kada ka fita da ita ko soro, kada ka ɗauki hotonta ka sa a Facebook, kada ka sa yatsa a kunamarta da sunan ai ba komai a ciki.

Ka mayar da ita cikin bargonta yadda ka same ta. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar mu zauna da babanka a kan maganar takardun. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata na ga zumar, Allah ya yi albarka.